Ɗanyar Fata don Gatarin Fir'auna

Ranar Laraba ce, kwana goma sha ɗaya bayan Babbar Sallah, a shekarar da nake aji biyar na firamare, aka zaunar da ni da kakana a kan dogon benci cikin ɗakin 'yan sandan da ke gadin ƙofar babban gidan tarihi na Alƙahira. Ɗakin ba shi da taga, sai wata fanka a sama da ke juyawa kamar an tilasta mata. A kan teburin da ke gabanmu an baje kayan laifinmu: ƙaramar wuƙa mai ƙotar ƙaho, basilla guda, da baƙar leda cike da sili-silin ɗanyar fatar rago da ta kwana uku a ruwa. Warinta ya riga ya gama da ɗakin, har jami'in ya toshe hanci da hankici. Ya ɗaga sili ɗaya da bakin biro, ya tambaye ni da Larabcin Masar ko mene ne wannan. Na juya na tambayi Kaka da Hausa kamar ban sani ba, alhali ni na ɗauko ledar tun daga unguwarmu ta Dokki. Kaka ya gyara baƙin tabaran da likita ya ba shi, ya ce, “Gaya masa gyara muka zo yi.” Shekarata goma a lokacin, amma na san wannan amsar ba za ta fitar da mu daga ɗakin ba.

Abbana ma'aikaci ne a ofishin jakadancinmu, a ɓangaren takardu. Muna zaune a hawa na bakwai na wani dogon gini a Dokki, ɗakuna uku da falo da baranda wadda faɗinta bai wuce tabarma ba. A wannan barandar na yi ƙuruciyata. Tsararrakina da suka tashi a gida suna tuna tsakar gida da turken awaki da inuwar darbejiya. Ni abin da nake tunawa shi ne kwandon kaba da nake zura wa da igiya tun daga sama har bakin titi, mai gurasa ya zuba guda goma, in jawo a hankali kada ya bugi shanyar matar hawa na huɗu, wadda ba ta yafiya. Shi ne aikina na safe, kuma shi ne iyakar cinikin da aka yarda in yi da duniya. Motar makaranta tana ɗaukata a ƙofar gini, ta dawo da ni ƙofar gini. Dokar Abba gajeriya ce, yana kuma maimaita ta kamar karatun allo: “Mu baƙi ne, kuma sunan ƙasa muke ɗauke da shi.” Ban taɓa gane yadda zuwana shagon kusurwa sayen cingam zai zubar da mutuncin ƙasa mai mutane da yawa haka ba, amma ban musa ba. Na zana 'yar gala-gala da alli a kan tayil ɗin falo, na yi carafke da ƙwallayen dabino, na haddace tagogin ginin da ke fuskantarmu har na san wadda ake faɗa a cikinta ranar Alhamis.

Cikin sanyin farkon shekarar aka kawo Kaka daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina don a cire masa yanar ido. Ban taɓa ganinsa ba sai a hoto. Gajeren tsoho ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar busasshiyar ganda, bayan hannun kuwa duk tabon tartsatsi. Maƙeri ne, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Wannan ban sani ba sai da ya zo, domin idan abokan aikin Abba suka tambaya, cewa yake mahaifinsa yana harkar ƙarafa, kuma a gaskiya bai yi ƙarya ba. Abba ne ɗansa na fari, saboda haka Kaka ba ya kiran sunansa, ba ya kuma yi masa magana kai tsaye idan da wanda za a aika. A ƙauye wannan abu ne mai sauƙi, gida da faɗi, 'yan aike da yawa. A ɗakuna uku kuwa sai ya zama ni ce hanya. Suna zaune a falo ɗaya, gwiwa tana kusan taɓa gwiwa, Kaka zai dube ni ya ce, “Ke Bamisiriya, gaya wa mai gidan nan shayinsa ruwa ne.” Sai in juya in gaya wa Abba, da Hausar da ya riga ya ji. Da haka na fara tafinta, daga Hausa zuwa Hausa, kafin a ƙara mini matsayi in koma fassara tsakaninsa da likita.

An ce masa sati uku zai yi. Aikin idon dama ya yi kyau, amma da aka zo na hagu sai likita ya ce jininsa ya hau, a jira ya sauka. Aka jira. Duk sati biyu a je a auna, a dawo da sabon magani da sabuwar rana. Abba ya kulle fasfon Kaka a aljihun teburinsa tare da namu, ya hana shi sauka ƙasa shi kaɗai saboda motocin Alƙahira ba su san tsoho ba, ya hana gishiri, ya hana goro. Ba mugunta ba ce. Kakata ta rasu a kan hanyar asibiti cikin motar haya lokacin Abba yana ɗalibi, kuma tun daga ranar ya ƙudurta cewa nasa ba zai sake rasa likita ba. Sai dai jinin da ake jira ya sauka, zaman jiran ne ke ɗaga shi, abin da kowa a gidan ya gani ban da masu digiri.

Mutumin da ya shekara sittin yana tashi da asuba ya hura wuta, yanzu ba shi da aiki sai kallon bango. Satin farko ya wasa duk wuƙaƙen Umma a kan dakalin marmara na baranda. Sati na biyu ya bi almakashi da abin yankan farce da abin buɗe gwangwani. Da ya fara duban cokula da idon nan nasa sabo, Umma ta kwashe su ta ɓoye a ɗakinta. Ya koya mini dara a kan kwalin ƙwai da marafan kwalba, yana cinye ni ba tausayi, yana cewa kaina ya cika da Larabci babu wurin dabara. Ni kuma ina ce masa tsohon da ke tsoron lif ba shi da bakin magana, don duk lokacin da za a je asibiti sai ya karanta addu'ar shiga jirgin ruwa kafin ya sa ƙafa a ciki. Da la'asar muna zama a baranda mu biyu, ƙafafunmu a tsakanin ƙarafan, ya daɗe yana kallon sama. Lissafi yake yi. A garinmu, watanni biyu kafin ruwan farko su ne kakar maƙeri: manoma na kawo fartanya da garma da gatari a yi musu baki, wanda bai samu an gyara masa ba zai shiga damina da hannu. “Akwai mutum arba'in da ba su san wata maƙera ba sai tawa,” in ji shi. “Gaya wa mai gidan nan.” Na gaya masa. Abba ya ce akwai wasu maƙeran a duniya, amma idon hagu guda ɗaya ne.

Ana saura mako guda Sallah Abba ya kai mu gidan tarihin, kamar yadda ake kai duk baƙon da ya zo Masar, ko yana so ko ba ya so. Ya yi ta jan mu daga wannan zinariya zuwa waccan, yana karanta bayanan da ke jikin gilasai da muryar malamin makaranta. Kaka ya wuce akwatunan gawa yana neman tsari, ya wuce gumakan dutse bai ɗaga kai ba. Sai a hawa na sama, a wani lungu da masu yawon buɗe ido ke wucewa da sauri, ya tsaya cak. Akwatunan makamai ne. Ya cire tabarau, ya kusa manna idon damansa da gilashi, bai sake motsi ba har Abba ya gaji ya tafi neman wurin zama.

Ranar na ga yadda ake karatu ba da haruffa ba. Da farko ransa ya ɓaci, domin ya gane duk abin da ke ciki tagulla ce, ba baƙin ƙarfe ba. A wurinmu maƙera iri biyu ne, na baƙi masu fartanya da takobi, da na fari masu zobe da munduwa, kuma na baƙi ba su cika ɗaukar na fari da nauyi ba. “Ashe duk rundunar Fir'auna maƙeran fari suka yi mata kaya,” ya ce. “Shi ya sa.” Bai faɗi abin da ya sa ba, ni ma ban tambaya ba. Amma da ya ci gaba da dubawa sai muryarsa ta sauka. Ya nuna mini wani takobi mai lanƙwasa kamar lauje, ya ce in duba, ta baya aka yi masa kaifi, ba ta ciki ba, wanda ya yi shi ba ciyawa yake nufi ba. Ya nuna wata wuƙa da aka haɗa ruwanta da ƙota da ƙusoshi uku, ya ce zubi aka yi, sannan aka bi bakin da masaba a sanyi har ya yi tauri, ga sawun dukan nan a jere kamar tafiyar tururuwa, hannun da ya yi wannan ba ya gaggawa. Akwai kibau na kara masu tsinin dutsen ƙanƙara da na ƙashi, akwai baka da aka haɗa da itace da ƙaho, akwai garkuwar fata da gashin saniyar bai gama zubewa ba. Ya raba su gida biyu, waɗanda suka yi aiki da waɗanda aka yi don ado. Wani gatari mai huda-huda da siffar dabba a jiki, ya ce wannan ko kabewa bai taɓa sara ba. Wani kuma ɗan ƙarami, baƙi-baƙi, wanda aka jingine a gefe, ya ce an wasa shi har ya rage rabi, mai shi ya so shi.

A kan wannan ƙaramin ya daɗe. Ba a soke ruwansa cikin ƙota kamar namu ba, ɗaure shi aka yi da siraran igiyoyin fata, an naɗe an sarƙe. Kaka ya san aikin, domin haka yake ɗaure ƙotar da ta tsage: a naɗa fatar tana ɗanya, idan ta bushe sai ta ja jikinta ta riƙe fiye da ƙusa. Amma ɗaurin wannan ya saki. Zagaye uku sun tsinke, ruwan ya ɗan karkace. Ya dube ni ya ce, “Wa ke da maƙerar nan?” Na ce ba maƙera ba ce, gidan tarihi ne. Ya ce duk inda aka tara kayan ƙarfe haka akwai mai kula da su, kuma ko wane ne, ko dai ba shi da lafiya ko ba shi da fata. A al'adarsu, maƙerin da ya shiga maƙerar wani a baƙunci ba ya fita hannu rabbana. Ko zuga-zugi ya kama, ko ya riƙe awartaki, ko ya ga abin da ya lalace ya gyara ba tare da an roƙe shi ba. Wanda ya gani ya wuce, ya ci mutuncin sana'a. Na faɗa wa Abba a mota. Ya yi dariya, dariyarsa ta farko cikin makonni, ya ce in gaya wa Kaka mai gatarin ya daina jira tun shekara dubu uku.

Kaka bai yi dariya ba. Ranar Sallah aka yanka ragonmu a ƙasan gini, mai gadi yana shirin ɗaukar fatar kamar kowace shekara, sai Kaka ya aike ni in karɓo. Ya kankare gashin a baranda, ya shanya ta, ya yanka ta sili-sili da 'yar wuƙarsa, kowane sili kamar an auna da ma'auni. Ya jiƙa su a bokitin wanki ya tura bayan injin wanki. Umma ta yi kwana biyu tana zargin magudanar ruwa. A kwanakin nan ya daina kallon bango, har waƙar zugi na ji yana yi ƙasa-ƙasa. Ni ce kaɗai na san shirin, kuma da a ce ina da hankalin da Abba ke biyan kuɗin makaranta don in samu, da na tona. Amma shekara huɗu ina kallon titin nan daga sama.

Ranar Larabar makarantarmu tana hutu, Abba yana ofis, Umma ta tafi kasuwar Ataba sayen mayafan da take aika wa 'yan'uwanta. Muka sauka ta matakala, hawa bakwai, saboda Kaka ya ce ba zai fara aikin alheri da shiga akwati ba. Mai gadi yana shan shayi a bayan gini. Muka fita. Har yau idan na tuna iskar da ta bugi fuskata a bakin ƙofar nan sai in ji ta sabuwa, ko da yake hayaƙin mota ce kawai da ƙamshin ta'amiyya, ƙosan Masar. Na san hanya daga tagar motar Abba: a miƙe, a haye gada, a ratsa tsibiri, a sake haye gada mai zakuna. A ƙafa muka tafi. Kaka yana gaba, babbar riga tana kaɗawa, yana yi wa duk wanda suka haɗa ido sallama, ni ina biye da leda tana ɗiga. A tsakiyar gada ta biyu ya tsaya ya leƙa kogin Nilu, ya ce ruwa kamar wannan a ce mutane suna zaune a sama kamar tantabaru. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, kuma ita ce mafi tsawo da na taɓa yi.

Ba mu ko kai wurin sayen tikiti ba. Ƙofar binciken ƙarfe da ake ratsawa ta yi ƙara saboda wuƙar, aka buɗe ledar, wani ɗan sanda ya ja da baya yana salati. Haka muka samu kanmu a kan benci. Da jami'in ya matsa, sai na fassara masa gaskiya iyakar iyawata, na ce akwai gatari a sama da ya lalace, kakana ya zo da abin ɗaure shi. Kalmar lalacewa kaɗai ya ji. Ya miƙe tsaye, ya ɗauka mun riga mun fasa wani abu, ya ɗaga waya ya kira ciki, sannan ya karɓi katin makarantata ya kira lambar Abba da ke baya. Kaka kuwa ko a jikinsa. Kujerar jami'in yake kallo, wadda ƙafarta ɗaya ta tsage aka naɗe ta da salatif.

Wadda ta zo daga ciki wata mata ce mai furfura da farar rigar aiki, 'yan sandan suna ce mata Doktora. Ita ke kula da lafiyar kayan. Ta saurare ni har na gama, ta tambayi wane gatari, na kwatanta mata. Ta ce ta san shi, ta kuma san zagaye ukun da suka tsinke. Sannan ta ɗauki sili ɗaya da hannunta, ba da biro ba, ta ja shi, ta duba kaurinsa, ta dubi Kaka da kyau. Ta ce in tambaye shi yadda zai ɗaura. Kaka ya ce ba a faɗa da baki. Ya nuna kujerar. Jami'in ya ce haramun ne, Doktora ta ce, “Ma'alish, ya basha, minti biyar,” wato ya yi haƙuri, ya matsa yana gunaguni. Kaka ya tsuguna, ya ɓare salatif ɗin da ƙyama, ya kama sili da haƙori da hannu ya fara naɗi. Bai ƙulla ko sau ɗaya ba. Kowane zagaye yana danne na bayansa, ya sarƙa, ya juya, a ƙarshe ya cusa bakin a ƙarƙashi da basilla ya ja. Doktora ta tsuguna kusa da shi da farar rigarta a ƙasa, tana bin yatsunsa da ido, ta sa ya warware wani wuri ya sake. Ta ce shekara da shekaru tana kallon ƙarshen ɗaurin nan a gilashi, yau ta ga yadda hannu ke kai shi wurin. Kaka ya ce kada a zauna a kujerar sai jibi. Ita ce kaɗai abin da ya gyara a ƙasar Masar, idan aka cire wuƙaƙen Umma.

Ya goge hannu a rigarsa ya ce to, a kai shi wurin gatarin. Na fassara. Doktora ta ce ba zai yiwu ba. Ba don aikinsa bai yi ba. Idan aka sa sabuwar fata, in ji ta, ya zama wani gatarin, su kuwa wancan suke so, da tsinkakken ɗaurinsa. “Mu ba ma mayar da su bakin aiki, ya Hajji. Tsare su muke yi kada su ƙara lalacewa.” Ta yi bayanin yadda suke auna zafi da laima, yadda ba a taɓa su sai da safar hannu. Na juya wannan duka zuwa Hausa ina alfahari da kaina. Kaka ya ce, “Ana duba shi kullum?” Ta ce kullum. “Ba ya rasa komai?” Ta ce ba ya rasa komai. “Kuma ba zai sake sara ba.” Wannan ba tambaya ba ce, amma na fassara, ta ce har abada. Ya gyaɗa kai a hankali, ya mayar da tabaransa.

A daidai nan Abba ya shigo, da kwat da gumi, katin aikinsa a hannu tun daga ƙofa, yana ba da haƙuri da Larabcin littafi. Ya ce mahaifinsa tsoho ne, baƙo ne, ba shi da lafiya, bai san ƙa'ida ba. Doktora ta katse shi ta ce, “Mahaifinka usta ne,” wato gwanin sana'a, ta tambaya ko a ina ya koya. Abba ya dubi kujerar, ya dubi ledar. Ya ce, “Maƙeri ne. Mu maƙera ne.” Aka mayar mana da basilla, aka riƙe wuƙar, Doktora ta roƙi sili biyu ta tafi da su a cikin ambulan.

A mota muka hau gada, inda cunkoso ya tsayar da mu. Ina baya, ina jiran hukuncina. Sai Kaka, yana kallon gaba, ya ce, “Bamisiriya, gaya wa mai gidan nan abincinsa ya isa, maganinsa ya isa, ban rasa komai ba, Allah ya yi masa albarka. Amma ni ba haƙo ni aka yi daga rami ba. Ido ɗaya ya ishe ni in ga ƙarfe ya yi ja. Ya ba ni takardata.” Na buɗe baki in maimaita, Abba ya ɗaga hannu ya ce, “Na ji.” Ya ce likita ya tabbatar idan ba a yi aikin ba idon hagu zai tafi gaba ɗaya. Kaka ya ce ya sani, ai shi ke cikin idon. Motocin baya suka yi ta hon. Da muka isa gida Abba bai cire takalmi ba, ya wuce ɗaki, muka ji ƙarar mukulli. Ya fito ya durƙusa ya ajiye fasfon a kan tabarmar Kaka, domin a hannu ba zai iya miƙa masa ba.

Bayan kwana tara muka raka shi filin jirgi. Ya isa gida da sauran sati biyar kafin ruwa. Idon hagun ya mutu a shekara ta biyu, kamar yadda likita ya faɗa, kuma Abba bai taɓa yafe wa kansa wannan ba, ko da yake ba wanda ya tuhume shi. Kaka ya yi damina huɗu yana aiki, a ta biyar aka yi mana wayar rasuwarsa. Ni kuwa hukuncina ya zo washegarin ranar da muka raka shi: aka ƙara sakata a ƙofa, aka gargaɗi mai gadi, na koma kwando da igiya har na gama sakandare.

Iyayena sun koma gida tuntuni. Ni na tsaya karatu, karatu ya zama aiki, aiki ya zama aure da 'ya'ya biyu masu amsa mini Hausa da Larabci. Tafinta nake yi wa marasa lafiyar da ke zuwa daga Najeriya da Nijar, a nan Dokki, titi uku daga tsohon gininmu. Kusan kowane wata sai na zauna tsakanin wani tsoho da ɗansa mai ƙaunarsa, ɗan yana cewa a ƙara sati biyu, tsohon yana kallon taga. Ina fassara abin da likita ya ce daidai, ba ragi ba ƙari, don shi ne aikina. An kwashe yawancin kayan tarihin zuwa sabon gini mai sanyi da haske a bakin sahara, na kai yarana sau ɗaya, suka ɗauki hotuna suka nemi wurin shan askirim. Maƙerar Kaka ban taɓa ganinta da wuta ba. Lokacin da na je ta'aziyya an riga an share tokar, yanzu kuma an ce shagon cajin waya ne. Yau babu mai hana ni fita, kowace shekara ina cewa bana zan je in ga damina a garinmu, sai wani abu ya taso. Shi dai Kaka ya san ranar da ya kamata ya tafi.